Ba Zafi Ne Ya Kashe Goggo Ba

Ranar addu'ar uku, gidana na Vaulx-en-Velin ya cika har takalma suka kai bakin asansar, na'urar hawa bene. Mata suna falo a kan tabarmi, maza suna ɗakin da maƙwabcinmu ya ara mana. Watan Agusta ne, an saki labule saboda rana, fanka biyu sai juya iska mai ɗumi suke yi daga wannan bango zuwa wancan. Ina zagayawa da farantin dabino, ana yi mini "ya haƙuri", ina amsa "da godiya", sai na ji wasu mata biyu a bayana suna magana ƙasa-ƙasa.

"Wai haka take ta hawa da sauka da bidon ruwa cikin wannan rana?"

"Ai dole ta faɗi. Mace ta haura saba'in, ga tansiyo, hawan jinin nan. Kuma an ce ta ajiye maganin lokotoro, sai jiƙe-jiƙen Indiyawa take sha."

Kafin in juya, Baba Ƙarami, ƙanen mahaifina kuma ƙanen marigayiyar, ya leƙo daga bakin ƙofa da carbi a hannu. Idonsa ya yi ja, na san ya yi kuka. Ya ce, "Na faɗa mata, na sake faɗa mata. Zafin nan ne ya ci ta, da taurin kai. Allah Ya gafarta mata."

Aka amsa da amin. Ni ma na amsa. Wurin zaman makoki ba wurin gardama ba ne, kuma ba zan ɗaga wa ƙanen ubana murya a gaban baƙi ba. Sai na ajiye farantin kawai. Tun ranar nake jin cewa in na yi shiru, abin da za a riƙa faɗa game da Goggo ke nan har a manta da ita: wata tsohuwa mai kafiya da rana ta kayar. Ban yarda ba. Shi ya sa na zauna rubuta wannan.

Goggo yayar mahaifina ce, haifaffiyar Maraɗi. Ta biyo mijinta Paris tun ban shiga lakwal, wato makarantar boko, ba. Shi yana aiki a kicin ɗin wani gidan abinci, ita tana sharar ofisoshi da sassafe. Allah bai ba su haihuwa ba. Ɗakinsu guda ne, a hawa na shida na wani tsohon gini kusa da Porte de la Chapelle, daf da rufin kwano, ba asansar. Lokacin da na zo karatun kimiyya a Villeurbanne, daf da Lyon, wannan ɗaki ne kaɗai gidana a duk ƙasar Faransa. Da an ba da hutu sai in hau kar, wato bas, in tafi wurinta. Ba ta taɓa ce mini sannu da zuwa ba sai ta fara duba ni sama da ƙasa ta ce, "Ke, a Lyon ba a dahwa tuwo?"

Wanda bai taɓa yini a ɗakin ƙarƙashin kwano a Paris cikin watan Yuli ba, zai ce wace rana ce a Turai da za ta dami mutumin Maraɗi. Goggo kan ce zafin gida yana da kunya, yana barin ka da inuwar bedi da randa da tsakar gida. Na nan kuwa kulle ka yake yi a akwati ya zauna a kan murfin.

Mijinta ya rasu a farkon bazara, takabarta ta faɗo daidai cikin irin wannan zafi. Ba ta fita, tagarta guda ce, kuma baƙin ciki ya hana ta ci da sha. Wata rana da hantsi ta fito lungu don ta tari ruwa a famfon da mutanen hawan ke tarayya a kansa, jiri ya kwashe ta, ta zube. Wadda ta ɗaga ta maƙwabciyarta ce ta ɗakin ƙarshe, wata Ba'indiya daga kudancin ƙasarsu, da suka shekara biyar ba abin da ke haɗa su sai bonjour. Matar ta jingina ta da bango, ta kawo mata ruwa a kofin ƙarfe. Goggo ta ba ni labarin nan ya fi sau ashirin, kuma kullum a wuri ɗaya take dakatawa ta ɗaga yatsa.

"Ina kai kofin bakina na ji ƙamshi. Na ce, jema! Wallahi jema ce, irin wadda Inna ke jefawa a randa. Na kama hannun matar nan ina ta hwaɗin jema, jema, ita kuma tana hwaɗin wani suna nata. Sai ga ni ina kuka. Rasuwar Malam duk ban yi kuka irin na ranar ba."

Daga nan suka ƙulle. Goggo ba ta taɓa iya faɗin sunan matar daidai ba, sai ta sa mata Aminiya, mu ma muka bi. Faransancinsu su biyun a karye yake, amma sai su yini suna hira. Aminiya ta gaji sanin tsirrai daga kakarta, ta riƙa koya wa Goggo abin da mutanensu ke yi in rana ta tsananta. Ƴaƴan kuzbara, waɗanda a kanti ake rubuta wa coriandre, a jiƙa su tun daga yamma, a tace da safe a sha kafin a karya. Ƴaƴan shammar a tauna bayan abinci ko a jiƙa su ma. Akwai wasu baƙaƙen ƙwayoyi na wata ɗoɗɗoya tasu, in suka sha ruwa sai su kumbura su yi yauƙi. Ranar da na fara ganinsu na ce ba zan sha ƙwan kwaɗo ba, Goggo ta ce in haka ne in zauna da ƙishirwata. Sai kuma nono da ake sirkawa da ruwa ya yi tsululu, a sa ɗan gishiri da soyayyen kamun da ganyen na'ana'a. Wannan Goggo ta ce ba koya mata aka yi ba, tuna mata aka yi, don duk wanda ya taɓa zama da Filani ya san aikin tsala a cikin rana. Ita kuma ta koya wa Aminiya jiƙon tsamiya da zoɓon da ba a cika wa sukari.

Ƙanƙara ce abokiyar gabarta. In ta ga na ciro kwalbar lemo daga firigo tana raɓa, sai ta ce, "Sha, maƙogwaro ya yi murna minti biyu, ciki ya yi ta masifa har la'asar." Ruwanta a tulun ƙasa yake, wanda Aminiya ta samo mata a kantunan ƴan ƙasarsu, da damin saiwar jema a ciki, da jiƙaƙƙen tsumma a naɗe a wuyansa.

Rigimarta ta farko da na gani da idona da mai gadin ginin ce. Aminiya ta ba ta wani asabari da aka saƙa da saiwar jema. Goggo ta rataye shi a taga, tana yayyafa masa ruwa, iskar da ta ratso shi sai ta shigo da sanyi da ƙamshi kamar an yi yayyafin farko. Mai gadi ya hawo yana haki, ya ce dokar gini ta hana rataye komai a taga, kuma ruwa yana ɗiga a kan barandar na ƙasa. Goggo ta jawo masa kujera.

"Zauna, Monsieur. Minti goma kawai. Zan cire shi yanzu, mu zauna tare ni da kai. In ka kai minti goma, an gama magana."

Ta cire asabarin, ta rufe ƙofa, ta zauna ta harɗe hannu. Ina kallon gumi yana bin wuyan rigar mutumin. Bai kai minti biyar ba ya miƙe ya ce ta sa roba a ƙasa ta tare ɗigon, shi bai ga komai ba. Ta cika masa kofi kafin ya sauka.

Baba Ƙarami kuwa ba ɗigon ruwa ne damuwarsa ba. Shi mutum ne mai tsoron Allah da tsoron bakin mutane, kuma a lokacin yana cikin manyan ƙungiyar ƴan ƙasarmu a Paris. Wata Juma'a ya hawo bayan masallaci, ya tarar da Aminiya tana shafa wa Goggo kwaɓin sandal a goshi saboda ciwon kai. Ya jira matar ta fita, sannan ya ce, "Yaya, mutanen nan fa ba sa salla. Wannan abin da ta shafa miki, shi suke shafa wa gumakansu. Ana magana a gari."

Goggo ta ce, "Turaren da ke jikin rigarka, na mene ne?"

Na sandal ne kuwa.

"Icen nan Allah Ya tsiro da shi ko wani? Da bisimilla na jiƙa jemata, da bisimilla nake sha. Ranar da na hwaɗi a bakin famfo, masu maganar nan suna ina? Kai kanka kana ina, Alhaji? Wadda ba ta salla ce ta ɗaga ni."

Ya ce Allah Ya ba ta haƙuri, ya tashi. Har ya kai bakin matakala ta kira shi ta miƙa masa kwalbar jiƙon kuzbara, ta ce ya kai wa matarsa mai fama da zafin ciki. Ya karɓa. Ban san ko ya kai ba.

Shekarun baya-bayan nan, da baƙi suka yawaita a ƙarƙashin gadojin babbar hanyar da ta kewaye Paris, Goggo ta samu sabon aiki, ga shi ta riga ta yi ritaya. Mutane ne daga ƙasashe daban-daban, wasu ma Hausa suke ji, suna kwana a kan kwali suna jiran takarda. Duk ranar da rediyo ya ce canicule, wato zafin nan da ake gargaɗi a kansa, sai ita da Aminiya su cika bidon huɗu da ruwan jema da tsamiya, su ɗora a keken cefane, su sauke shi hawa shida mataki-mataki. Na bi su sau ɗaya. Mun fara zuba wa mutane ke nan sai ga ƴan sanda biyu. Babban ya ce rabon abinci ko abin sha a wurin sai da izini, mu tattara.

Ni har na fara rufe bidon. Goggo ta buge mini hannu. Ta kife bokiti ta zauna a kai, ta zuba kofi ɗaya ta shanye a gabansa, sannan ta ce da Faransancinta mai gutsuri-gutsuri, "Ni ba rabo nake yi ba. Ruwana na fito sha, sai na yi baƙi. A ƙasarmu ba a sha a bar baƙo yana kallo. Kai ma baƙona ne, ungo."

Bai karɓa ba. Ya dube ta, ya dubi layin mutanen da suka tsaya da kofuna a hannu, ya dubi abokin aikinsa, ya ce ta gama cikin rabin awa. Ta ce masa ruwan ne zai faɗi lokacin da zai ƙare. A hanyar komawa na ce, "Goggo, da sun tafi da ke fa?" Ta ce, "Da sun ga tsohuwar da za ta dame su har su maido ta da mota."

Yanzu sai in faɗi nawa laifin, don ni ma na taɓa tsayawa inda matan falona suka tsaya. Bayan na gama karatu na samu aiki a labo, ɗakin gwaje-gwaje, kaina ya cika da abin da na sani. A shekarar ne lokotoro ya gano zuciyar Goggo ta fara rauni, ya ɗora ta a kan ƙwayoyi. Na zo hutu, na buɗe kabad ɗinta, na ga ƙulle-ƙullen saiwoyi da ƴaƴan itatuwa guda takwas kusa da kwalin maganinta. Tsoro ya kama ni, kuma tsoron ya fito a siffar rashin kunya. Tana salla na kwashe su duka na zuba a shara, na tuntsurar da tulun a wurin wanke-wanke. Da ta sallame na ce mata wannan duk camfi ne, ba wanda ya auna su, za su iya kashe ta.

Ba ta yi faɗa ba. Ta dubi tulun, ta dube ni, ta ce, "Ɗiyata, kar ɗinki ƙarfe nawa yake tashi?"

Na koma Lyon a ranar. Wata biyu ina kira ba ta ɗauka. Mahaifina ya kira ni daga Maraɗi ya wanke ni tas, ya ce ko guba ce a tulun ba ni da hurumin zubar da ita a ɗakin yayarsa. Sai wata safiya ina cikin tiram za ni aiki waya ta yi ƙara. Ko sallama ba ta gama ba ta shiga magana. Ashe ta sake sayo kayanta duka takwas, ta zuba a jaka, ta ja Aminiya suka je wurin lokotoron zuciyar, ta zazzage masa su a kan tebur ta ce ya duba ɗaya bayan ɗaya. Mutumin ya duba, har ya buga waya ya yi tambaya. Ya ware wata saiwa mai zaƙi da ake kira réglisse, ya ce wannan tana tayar da hawan jini, kada ta ƙara taɓa ta. Sauran ya ce ta sha daidai kima, muddin ba ta bar ƙwayoyinta ba.

"Kin ci ɗaya, na ci bakwai," in ji ta. "Saiwar nan na yar da ita, har Aminiya na hana ta. Da kin tambaye ni da baki, da tare muka tahi wurinsa. Yaushe za ki zo?"

Daga ranar har ta bar duniya ba ta tsallake ƙwaya ɗaya ba. Ni nake karɓo mata su a farmasi a ƙarshe, na sani. Takan nuna kwalin ta ce wannan na zuciya ne, ta nuna tulun ta ce wannan na ƙishirwa, kowa da aikinsa.

Masu cewa rana ce ta kayar da ita a bakin gada ba su san cewa bana ko sau ɗaya ba ta ja keken nan ba. Tun cikin sanyi numfashinta ya fara gajarta, hawa shida ya gagare ta. Lokotoro ya gaya mana a fili cewa zuciyar ta gaji, kuma jikinta ba zai ɗauki aikin tiyata ba. A watan Mayu, kafin zafi ya sauka, na je na ɗauko ta zuwa gidana. Sharaɗi ɗaya ta kafa, cewa tulun a cinyarta zai yi tafiyar, kuma haka aka yi. Keken da bidon ta bar wa Aminiya da wasu mata biyu ƴan Tawa da suka saba raka su. Kullum da hantsi sai ta kira su ta ji ko an sa tsamiya da yawa.

Makonta na ƙarshe a likita, wato asibiti, ta yi shi, a wani ɗaki mai gado biyu da na'urar sanyaya ɗaki. Wannan na'ura ta sha zagi. Goggo ta ce ita ba kifi ba ce da za a ajiye ta a firigo, ta sa na lulluɓe ta da bargo biyu, ta dami ma'aikatan jinya har sai da suka rage ta. Aminiya ta hawo jirgin ƙasa daga Paris, ita da ba ta taɓa zuwa Lyon ba, da ƙullin lalle a jakarta. Ta nemi izini, aka ce tafin ƙafa kawai. Ta zauna a ƙarshen gado ta kwaɓa, ta shafa wa Goggo, don su ma a wurinsu lalle yana jan zafi daga jiki kamar yadda muka sani. Suna ta gardama a kan wace ƙasa ce ta fara saninsa. Da za ta tafi ta riƙe ƙafafun nan biyu da hannuwanta ta daɗe a haka. Goggo ta ce, "To, ya isa haka, za ki ɓata mini ƙunshi."

A ɗaya gadon akwai wata tsohuwa Bafaranshiya, ƙarama kamar tsuntsu, wadda tun da muka zo ba wanda ya leƙo ta. Ba ta magana, sai dai ta riƙa motsa leɓe. Goggo ta sa mata ido tun ranar farko. Ranar Talata bayan azahar, na gama taimaka wa Goggo ta yi salla da ishara, ina zaune riƙe da hannunta, sai ta ce, "Dubi leɓen matar can. Ya bushe."

Na ce zan danna ƙararrawa a zo a duba ta.

"Ke ba ki da hannu? Jiƙa tsumma ki goga mata a goshi da baki. A hankali, kada ki tsorata ta."

"Goggo, bari in zauna da ke tukuna."

"Ni na sha nawa. Tashi."

Muryar ta yi ƙasa sosai, amma irin muryar nan ce da ba a yi mata musu. Na saki hannunta na tashi. Na jiƙa ƙaramin tawul, na goga wa tsohuwar a goshi, na ɗiga mata ruwa a leɓe. Matar ta buɗe ido ta dube ni, ta kama yatsana. Ina tsaye a haka na ji Goggo a bayana tana kalmar shahada, a nutse, kamar mai karanta wa wani. Da na juyo ta riga ta tafi.

Mun binne ta a nan Lyon, a ɓangaren Musulmi, da jan lalle a tafin ƙafarta. Ya Allah, ga baiwarKa ta zo maKa. Ka yafe mata abin da ta yi kuskure, Ka yalwata mata makwanci, Ka shayar da ita daga tafkin ManzonKa. Mu da ta bari, Ka ba mu ko rabin ƙarfin halinta.